Sassarfar Malam a Bakin Tafki

Shekarar da maigidana ya samu kujerar Makka, ita ce kuma shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakar gidanmu a Unguwar Dosa, da buta a hannunsa. Mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya bai taɓa kwana a gadon asibiti ba, sai ga shi ina ba shi kunu a cokali. Allah ya taƙaita wahala, baki ya dawo daidai, hannu ma ya dawo, amma ƙafar hagu ta ce ita ba yanzu ba. In zai je ƙofar gida sai ya riƙa jan ta a ƙasa kamar aro ya yi.

Ni na riga na sauke farali tun da daɗewa, lokacin da na raka mahaifiyata. Shi kuwa Malam kullum maganarsa baɗi ce, yara suna makaranta, bari su gama tukuna. Da suka gama, ya ajiye aiki, kujera ta fito, sai ga wannan. Wallahi na yi kuka a banɗaki ba sau ɗaya ba, don a gabansa ba na yi.

Ɗan farinmu, wanda duk gidan ke kira Yaya, har ni da na haife shi, shi ne zai raka shi. A Abuja yake aiki. Wata ranar Asabar sai ga shi ya iso, ya buɗe bayan mota, ya fito da keken marasa lafiya sabo fil, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba. Ya turo shi har falo yana murmushi, shi a ganinsa abin arziki ya yi. Malam ya dubi keken sau ɗaya, ya juya fuskarsa bango.

Malam mutumin da ne, ɗan cikin birnin Zariya. Ɗan fari ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai-tsaye muddin akwai wanda zai aika. Wanda ake aikawa kuwa ni ce, don ni aikin ofis ya daɗe da wanke min ido, na watsar da wannan kunyar tun yaron yana firamare. Saboda haka muna zaune mu uku a falo ɗaya, ana jin numfashin juna, Malam ya ce:

"Hajiya, ki faɗa wa mutumin naki, in a kan wannan abin zan je Ɗakin Allah, ya mayar wa masu kujera kujerarsu. Na fasa."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ki faɗa wa Baba addini ya halatta. Ni zan tura shi da hannuna, ɗawafi da sa'ayi duka. In ya faɗi a cikin wannan cunkoson, me zan dawo in ce miki?"

Na ce, "Yo ni wayar tarho ce? Ga ka ga shi, kunnuwanku duka suna aiki!"

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan uban shi ne na ɗan. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, kowannensu yana da gaskiya. Malam ba jahili ba ne, ya san keke ya halatta. Ya san sassarfar da maza ke yi tsakanin korayen fitilun nan biyu a Safa da Marwa sunna ce, wanda bai iya ba babu komai a kansa. Amma ya ce shekara da shekaru yana ganin kansa yana wannan sassarfar da ƙafarsa, ba zai je a tura shi kamar buhun masara ba.

Ni na yanke hukunci, tunda an mayar da ni alƙali. Na ce Yaya ya koma da kekensa. In tafiya ta matso ya zo ya gani da idonsa. In Malam ya iya doguwar tafiya ba a riƙe shi ba, ya kuma yi sassarfa, keke ya zauna a gida. In bai iya ba, ya hau. Malam ya ce wa bango, in bai iya ba, ba zai je ba. Na san shi, in ya faɗa ya faɗa ke nan.

Mai yi masa gashi a asibiti ta ce ya riƙa tafiya kullum, a ƙasa mai laushi in da hali. Muka gwada layinmu, abin ya gagara. Ga 'yan acaɓa, ga ramuka, ga kuma mutanen unguwa, taku kaɗan sai an tsayar da shi, sannu Malam, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ana yi ana satar kallon ƙafar. Ya dawo gida ya ce shi ba abin kallo ba ne. Sai na tuna fadamar da ke bayan Malali, inda nake zuwa sayen alayyafo da latas a hannun masu lambu.

Wanda bai sani ba, ba zai yarda akwai irin wannan wurin a cikin Kaduna ba. In ka bar kwalta ka gangara, gidaje suka ƙare, sai lambuna kore shar har bakin kogi. A tsakiya akwai wani tafki da kogin ke bari in ruwa ya janye, rabinsa bado ya rufe shi, gefensa kacalla ce ta fi mutum tsawo. Wata siririyar hanya ta kewaye shi, ƙafafun masu lambu ne suka daddaɓe ta, wani wurin busasshiya, wani wurin sai an bi ta kan katakon da aka shimfiɗa saboda taɓo. Da safe balbelu suna fari fat a kan ciyawa, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a ruwa, injinan ban-ruwa suna ta ƙara daga nesa. Warin laka da na ɗanyen albasa shi ke fara tarar mutum.

Kullum in gari ya yi haske bayan Asuba, sai in sa shi a mota in tuƙa mu. Farkon zuwanmu, daga mota zuwa bakin ruwa ma aiki ne. Yana dogara sanda, ina riƙe da hannunsa, yana huci yana ce min in daina kallonsa. Masu lambun, yawancinsu mutanen Katsina da Zamfara ne, suka saba da mu. Akwai wani dattijo Bazamfare mai gonar karas a daidai kwanar tafkin, shi ne kullum yake fara gaishe mu, ya ce, "Sannunku da hitowa, Malam. Sannu ba ta hana zuwa." Wata rana ya wanke karas a ruwan injinsa ya miƙo mana. A wurinsu duka Malam shi ne tsohon nan maras lafiya wanda matarsa ke koya wa tafiya.

A can ɓangaren tafkin akwai giginya biyu a bakin hanya. Da na auna su da ido, tazararsu ta yi kusa da abin da na tuna na tsakanin korayen fitilun. Na ce masa, "Malam, ga fitilunka. Daga wannan zuwa waccan."

Don in nuna masa yadda abin yake, na ari kambas ɗin autarmu, na ɗaure zanena tamau a ƙarƙashin hijabi, na yi sassarfa daga giginya zuwa giginya. Ni da rabona da gudu tun ina 'yar makarantar kwana! Na isa ina ganin taurari, ƙirjina kamar zai tsage. Masu lambu suka tsaya da aiki suna kallo, wani ya tambayi Malam ko lafiya. Malam ya ce lafiya lau, motsa jiki take. Daga ranar na zama Hajiya mai gudu, suka saba har ba sa ɗago kai in na wuce. Kuma bari in faɗi gaskiya, abin ya shiga raina. Kafin azumi nakan kewaye tafkin gaba ɗaya a guje in dawo in same shi, ni da nake hawa bene a ofis ina hutawa a kowane hawa. Wani lokaci in ina gudun, iska tana kaɗa hijabina, agwagin ruwa suna tashi daga cikin kacalla, sai in ji kamar babu mai ciwo a gidanmu.

Shi ma tafiyarsa ta yi kyau. Ya daina jan ƙafar, ya fara ɗaga ta. Ya daina riƙe hannuna. Har ya kai yana kewaye tafkin da sandarsa kawai, ya zauna ya huta a gindin mangwaro, ya sake tashi. Amma sassarfa ta gagara. Sau ɗaya ya gwada, ƙafar ta harɗe, ya kife a cikin taɓo har gemu. Na ɗaga shi, na wanke masa fuska da ruwan gorarmu, muka koma gida. Daga ranar in mun zo giginyar farko sai ya tsaya ya dubi ta biyu, ya ce, "Gobe."

Goben nan ta ci azumi, ta ci ƙaramar Sallah. Aka fara kiran maniyyata bita, aka yi musu allura, maƙwabta suka fara shigowa yi masa Allah ya kai lafiya. Ni kuwa na ga lokaci yana ƙure mana. Na lallashe shi, na yi masa ba'a, na ce ashe jarumin nawa na baki ne. Wata safiya haƙurina ya ƙare. Na tsaya a gabansa a tsakiyar hanya na ce:

"Haba Malam! Wai ni kaɗai nake son tafiyar nan? Kullum gobe, kullum gobe, jirgin zai jira gobenka ne? In ba za ka yi ba ka faɗa min in huta da tashin asuba, ka hau keken ɗanka a wuce wurin!"

Ya juya ya dubi ruwa. Sannan ya ce, a hankali, "Hajiya, ba faɗuwar nake tsoro ba. Na faɗi a gabanki, ban mutu ba. A gaban yaron nan ne ba na so."

Na karɓi gorar ruwan daga hannunsa muka ci gaba da tafiya.

Ranar da Yaya ya zo ganin, an yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, shamuwa har ta sauka a kan mangwaron. Hanya ta yi laushi, wasu wuraren da santsi. Ya zo cikin farar shadda da takalmi sau-ciki mai sheƙi, sai ka ce ɗaurin aure za shi, keken kuma yana bayan motarsa, na gan shi lokacin da ya buɗe ya ɗauko hula. A motarsa muka tafi.

Malam ya shiga gaba da jallabiyarsa da sandarsa, ni a baya, Yaya a bayana. Muka wuce gonar karas, dattijon ya gaishe mu, muka bi ta kan katako, muka zagaya kacalla. Tafiya dai babu laifi, har na ji Yaya yana cewa masha Allah a ƙasan maƙoshi. Amma ni zuciyata tana kan giginya. Na riga na shirya abin da zan ce in ya ce gobe, na shirya yadda zan roƙi Yaya ya ƙara mana mako.

Da muka iso ta farko ya tsaya. Bai waiwayo ba, ya miƙo min sandar ta baya. Na karɓa. Ya tattare jallabiyarsa da hannu biyu har gwiwa. Na ji ya ce Bismillahi.

Jama'a, Malam ya zura da gudu.

Ba sassarfa ba, gudu sosai. Jikinsa a karkace, ƙafar hagu tana wurgawa gefe, hularsa ta tashi ta faɗa ruwa, laka tana fallatsa a bayansa, amma gudu ne wanda duk wanda ya gani zai kira gudu. Ya isa giginya ta biyu, ya wuce ta bai tsaya ba. Daga baya ya ce min ya ji tsoron in ya tsaya zai kife, kuma bai san yadda ake tsayawar ba. Ni kuwa da na ga ya nufi inda hanyar ta gangara bakin ruwa, sai na kwasa a guje da sanda a hannu ina ihu, "Malam! Malam! Wayyo Allah!" Yaya ya biyo ni yana salati da ƙarfi, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba!"

To, ku tuna abin da masu lambu suka gani. Tsohon da suka yi watanni suna ganin ana koya masa taku, ga shi a guje ba hula. Matarsa a bayansa tana kururuwa, wani babban mutum cikin farar shadda yana salati, duk sun fito daga bayan kacalla inda ba a ganin abin da ke biye da su. Kuma nan Kaduna ce, inda kowa ya san ba a tsayawa tambaya in aka ga manya suna gudu. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Kafin ka ce kwabo fadama ta watse. Masu ban-ruwa suka yar da mesa, ruwa yana ta kwarara a banza. Wata mai sarin latas ta jefar da daronta ta yi sama wajen kwalta. Wani ya tsallake kwalbati, wani ya faɗa cikin masara, wani kuwa da ya ga hanya ta yi masa nisa sai ya auka tafki da rigarsa. Balbelu suka tashi gaba ɗaya.

Malam bai faɗa ruwa ba. Ya yi karo da tarin buhunan taki a bakin wata gona, ya rungume su, ya zame ya zauna a ƙasa. Muka iso kansa. Ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, hawaye da gumi sun haɗu a gemunsa. Yaya ya durƙusa a cikin lakar da shaddarsa, takalmi ɗaya ya riga ya bar shi a baya, ya kama ƙafar hagun yana dubawa yana mammatsa ta.

Can sai mutane suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon mai karas ne ya fara isowa, da lauje a hannu, yana haki.

"Hajiya, mi ya faru? Su wa ne? Ta ina sunka hito?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Malam ne ya yi gudu."

Ya dube ni, ya dubi Malam, ya dubi fadamar da ta zama kamar an tashi kasuwa. Ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya. Ya ce, "Haba Hajiya! Mu da munka baro garinmu da irin wannan gudun, ba mu ɗauko ko tabarma ba? Da na hango Malam, na ce abin da ya sa wanga bawan Allah gudu, ba na tsayawa kallo ba ne." Na ba shi haƙuri, na bi su ɗaya-ɗaya ina ba su haƙuri, har mai latas ɗin na taya ta tsince kayanta, don na san abin da na tayar musu ba abin wasa ba ne. Da suka ji dalilin, cewa Makka za shi, kuma sassarfar Safa da Marwa yake gwadawa, sai fushin ya koma kabbara. Wanda ya faɗa tafki ya fito yana ɗigar ruwa da ganyen bado a kafaɗa, ya ce in dai haka Malam zai yi a can, a gaya wa Larabawa su ba shi hanya. Dattijon ma sai da ya yi dariya, ya zo ya riƙe hannun Malam ya ce ya sa su a addu'a, Allah ya mayar da su gida.

Ina ba da haƙurin nan, amma Allah ya sani, kaina ya fi giginyar nan tsawo. Na yi alfahari da 'ya'yana ranar da suka gama makaranta, na yi alfahari ranar da aka ƙara min girma a wurin aiki, amma ban taɓa jin irin na wannan safiyar ba. Mijina ne, wanda na ba kunu a cokali, ya yi gudun da ya watsa fadama guda. Babu wanda ya gan shi ya ce maras lafiya ne yake gwaji, kowa ya yarda gudun gaske ne.

Da numfashinsa ya dawo, bai dubi Yaya ba, duk da ƙafarsa tana hannunsa. Ni ya duba ya ce, "Hajiya, tambayi mutumin naki, ya gani?"

Ban tambaye shi ba. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gani, Mama. Wallahi na gani."

Malam ya dafa buhun taki ya miƙe da kansa. Na miƙa masa sandar, ya girgiza kai. Muka ƙarasa kewaye tafkin a hankali har inda mota take, mu uku duk laka har gwiwa, Yaya yana ɗingishi da takalmi ɗaya. A hanyar gida keken yana ta ƙwanƙwasa a bayan mota duk ramin da muka shiga, babu wanda ya ambace shi. Muna tsayawa a ƙofar gida, kafin ma ya sauka, Malam ya ce in fito masa da haraminsa daga akwati, yana so ya gwada ɗaurawa.